Ƙugiyar Aska ta Bakwai

Ni ce mai ɗiga wa Kaka magani a ido, shi ya sa na fi kowa a gidanmu sanin fuskarta. Kowace safiya kafin in tafi lakwal, makarantarmu ta boko, takan zauna a kan tsohon turmin da aka kwantar a gindin itacen bedi, ta ɗaga haɓa, ni kuma in tsaya a kanta da ƴar kwalbar. Mahaifiyar babana ce. Sunan mahaifiyarta aka sa mini, don haka ba ta taɓa kirana da sunana ba, sai dai Uwata.

Kaka Bagobira ce, aure ya kawo ta Madarumfa tun tana yarinya. Tana da zanen gidansu a kumatu, shida a dama, bakwai a hagu. Ita ba ta cewa zane, aska take cewa. Duk daga gefen baki suke tashi, su buɗe su nufi kunne kamar kunyoyin gona. Ta bakwai a hagu ta fi sauran tsawo, ta kai har gaban kunne, kuma a ƙarshenta akwai ƴar lanƙwasa kamar ƙugiyar kamun kifi. Kaka ta ce a nan ne ta yi zillo a hannun wanzami tana jaririya, kuma duk lokacin da mahaifiyarta ke yi mata kitso sai ta danna wurin da yatsa ta ce, ga shaidar taurin kai. A gidanmu babu mai aska sai ita. Ba a yi wa babana ba, balle mu.

Wata damina ta tashi da safe ɓarin fuskarta na hagu ya faɗi. Wasu suka ce iskar tabkin garinmu ce ta buge ta, don can garkarta take. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, aka je asibiti aka karɓo ƙwayoyi. Aka ce mana yawanci da kansa yake komawa. Nata bai koma ba. Damina ta zagayo, ta sake zagayowa, kuncin yana ƙara sauka. In tana shan fura sai ta riƙe ƙyalle a gefen baki. Askar hagu duk ta karkata ƙasa, kamar kunyoyin da ruwa ya ja.

Amma idon ne ya fi ba ni tsoro. Fatar ƙasansa ta saki, jan cikin yana waje, hawaye na zuba ko da dariya take yi. Idon ba ya rufuwa. In ta kishingiɗa bayan azahar, idon dama ya yi barci, na hagu yana kallon rufin zana. Ni nake zama da mafici ina kore ƙuda. A irin wannan zaman ne na fara ganin wani farin ɗigo a kan baƙin idon, bai kai ƙwayar gero ba. Na yi shiru ina dubawa kowace safiya, har na tabbata girma yake yi, sannan na gaya wa Inna, mahaifiyata. Da aka kai ta wurin majo, babban nas na asibitin garinmu, ya ce idon bushewa yake yi, in ba a samu ya rufu ba za ta rasa shi. Ya ce akwai wani likitan gyaran fuska daga Yamai da ya zo babban asibitin Maraɗi na ɗan lokaci, a yi sauri.

Babana yana ci-rani a Najeriya, sai ƙanensa, Baffa, wanda ke jan mota tsakanin Maraɗi da iyaka. Faransancin Baffa na shingen jandarma ne: takardun mota, gaisuwa, ban haƙuri. Ya ce ni zan je in yi tafinta.

“Ba ita ce ke cinye dikte ba?” in ji shi. “To yau ranar amfanin lakwal.”

Gaskiya ina cin dikte, wato shiftar Faransanci. Abin da Baffa bai sani ba, a aji ban taɓa ɗaga hannu ba. In mushe, malaminmu, ya kira sunana, amsar na nan a bakina amma ba ta fitowa. Tun daga gida har muka wuce amalanken jakunan Safo, ina ta jera kalmomin jiki a zuci: ido, kunci, fata, kunne.

Likitan dogo ne, da tabarau da takunkumi a fuska, idanunsa kaɗai ake gani. Ya ce, “Sannu Mama,” daga nan bai ƙara ko kalma ɗaya ta Hausa ba. Ya haska idon Kaka da ƴar fitila, ya sa ta ɗaga gira, ta hura kumatu, ta runtse. Sai ya sa yatsu biyu ya ɗaga kuncin sama. Nan take Kakar da na sani a da ta dawo, har wushiryarta ta bayyana. Ya saki, ta sake tafiya.

Ya juyo gare ni ya fara bayani, a hankali, yana tsayawa in fassara. Ya ce zai tsuke fatar idon daga gefe, wannan ƙaramin aiki ne. Sai dai kuncin ya yi nauyi, shi ke jan idon ƙasa, in ba a ɗaga shi ba aikin ba zai riƙe ba. Ya ce sunan ɗaga kuncin liftin, kuma a manyan birane mata masu hali na zuwa a yi musu don kawai tamoji. Da na faɗa wa Kaka haka, ta ce, “Su da lahiyarsu?” Na ga gefen idon likita ya motsa.

Ya ce hanya ba ɗaya ba ce. Akwai wadda ake tsaga gaban kunne, a ja fatar kaɗai a yanke rarar, tana da sauri amma fata na sake miƙewa. Akwai wadda ake tsagawa a wuri ɗaya, amma a shiga ƙarƙashin fatar a ɗaga naman da ke riƙe da ita a ɗinke shi sama, ita ta fi daɗewa, sai dai aikin dogo ne kuma sai an sa mutum barci gaba ɗaya. Akwai kuma wadda ake ɗan buɗe wuri a cikin gashi, saman kunne, a zura zare mai ƙarfi ta ƙarƙashin fata har gefen baki a rataye kuncin, ba ta buƙatar dogon barci amma tana saki da wuri. Na juya maganar zuwa Hausa kalma bayan kalma, kamar mai kwashe ƙwai daga wannan kwano zuwa wancan. Ban fasa ko ɗaya ba, amma ban san abin da ke cikinsu ba.

Baffa ya ce, “Ta biyun. Gaya mishi mai ƙarko muke so.”

Kafin in buɗe baki, likita ya bi askar Kaka da ɗan yatsa, ya ce da muryar da yake bayanin da ita, ba ta hau ba, ba ta sauka ba: “Waɗannan sikatiris kuma, tun da ga ni ga su, sai in goge mata su kyauta. Wanda ya yi su bai iya rubutu ba.”

Na san kalmar sikatiris. A littafinmu an zana yaron da ya faɗi daga keke, aka nuna tabon gwiwarsa da kibiya. Na tsaya. Kaka ta kafe ni da idon da ba ya ƙiftawa.

“Mi ya ce, Uwata?”

“Ya ce… tabon nan na fuskarki, zai goge miki su kyauta.”

“Tabo?”

“Haka ya ce. Ya ce wanda ya yi su bai iya rubutu ba.”

Ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauki ƙyallenta, ta gyara lulluɓi, ta sa takalmi ɗaya ta nemi ɗayan da ƙafa, ta fita. Baffa ya bi ta yana “Iya! Iya, tsaya mana!” Likita ya miƙe tsaye, yana cewa a'a, a'a, kuzin ɗinsa ce, kuzin ɗinsa ce. Ya leƙa waje, amma layin marasa lafiya ya riga ya toshe ƙofar, wata mata ta turo yaronta ciki. Ya ce mini da sauri, yana nan har ƙarshen mako mai zuwa, in dawo da ita, idon ba zai jira ba. Ya ƙara cewa, “Ki gaya mata kuzin ɗina ce.”

A lakwal, kuzin ɗiyar kawu ce ko ta gwaggo, a wani zanen itace mai rassa da muka kwafa daga allo. Na duba mutumin nan, ban ga reshen da zai haɗa shi da mu ba. A mota na ce, “Kaka, ya ce wai ke ƴar'uwarsa ce.”

“Ba ni da dangi masu goge mutane,” in ji ta.

Baffa ya kalle ni ta madubi. “Ke rediyo ce? Duk abin da aka zuba miki sai kin fitar? Ba ki iya cewa ya ce Allah ya ƙara sauƙi?”

Na manna goshina a gilashi har muka iso gida.

Kwanakin da suka biyo baya, ba na iya cin tuwo sosai. Kowace safiya in na tsaya a kanta da kwalbar, sai in auna farin ɗigon da idona, in ga kamar ya ƙaru, in ce wa kaina hasken rana ne. Inna ta roƙe ta. Babana ya bugo waya daga Najeriya, ta karɓa ta tambaye shi lafiyar masu gidan da yake haya, ta miƙa wa Inna. Baffa ya zo ya durƙusa.

“Iya, ido ne fa.”

“Na sani. Biyu Allah ya ba ni, in ɗaya ya tahi da saura. Askar ga hwa?” Ta dafa kuncinta. “Wanzamin ya mutu, wadda ta riƙe ni aka yi ta mutu. Ina za ka samo mini wata?”

“Wa ke duba aska yanzu, Iya?”

“Ni.”

Ya tashi yana kaɗe gwiwa. Da zai wuce ni ko dubana bai yi ba, kuma na fi son da ya yi faɗa.

A aji ina kallon allo, amma muryar likita nake ji. Duk maganarsa tana nan a kaina, yadda dikte ke zama. Na yi ta maimaita ta. Abu ɗaya ya tsaya mini: a hanya ta farko ya ce a yanke, a ta biyu ya ce a tsaga, a ta uku ban ji ya ambaci gaban kunne ba sam. Ko bai faɗa ba ne, ko ni ce ban ji ba? Kuma in ya ce zai goge, da wace hanyar zai goge? Ba ni da wanda zan tambaya. Ko da akwai, na san muryata ba za ta fito ba.

Ranar da ba mu da lakwal da yamma, Inna da ƙannena suka tafi garka ban ruwa, Kaka na kishingiɗe a rumfa. Na shiga ɗakin Inna na ɗauko tandun kwallinta da madubin nan mai tsaga a kusurwa. Na zauna a bakin ƙofa inda haske yake, na zana wa kuncina na hagu layi bakwai, daga gefen baki zuwa kunne. Na uku da na huɗu suka haɗe, na goge da yawu na sake.

Na sa yatsa a gaban kunne na ja fatar baya. Layukan suka miƙe, fatar ta taru ta yi ninki a gaban kunnen, ƙarshen layi na bakwai ya shige cikin ninkin ya ɓace. Wannan ninkin ke nan rarar da za a yanke. Na saki. Na sa babban yatsa a cikin bakina na tura naman kuncin sama daga ciki, don in ga ta biyun. Kuncin ya tashi gaba ɗaya, layukan suka tashi tare ba su miƙe ba, ya fi kyau nesa. Amma da na shafa fatar ta kwanta, sai ga ɗan ninki ya sake fitowa a gaban kunne. Ƙarami ne, amma a daidai wurin yake. Na cire yatsan. Na ɗora kan tsinke a gefen bakina na tura sama, wajen gashin da ke saman kunne, ta hanyar da na ga kamar zaren zai bi. Fatar ta ɗan tattare a ƙarƙashin ido. Gaban kunne bai motsa ba. Na sake, na sake, har kuncina ya yi zafi.

“Wa ya koya miki wanzanci?”

Madubin ya kusa faɗuwa. Kaka ce tsaye a kaina, ta dafa bango. Na kai hannu zan goge, ta ce, “Bari.” Ta zauna a dokin ƙofa da ƙyar, ta kama haɓata ta juya ni wajen haske. Ta daɗe tana kallo. Hawayen idon hagu kullum yana zuba, amma ran nan na ga na dama ma ya cika.

“Haka uwata take,” in ji ta. “Sai dai ita ta hi ki dogon wuya.” Ta karɓi tsinken kwallin. “Ta ukun nan ta yi kusa da ta huɗu. Kuma kin bar mini ƙugiyata.”

“Ai ke ce mai ƙugiya, Kaka, ba ita ba.”

“To ba ni kike zanawa ba?” Ta lanƙwasa ƙarshen layin da kanta, sanyin kwallin ya taɓa kunnena.

Ban san inda na samu ƙarfin ba. Na ce ta riƙe madubin. Na nuna mata duka, ɗaya bayan ɗaya, yadda na yi. A ta farko ƙugiyar ta shige ninki, ta ja tsaki. A ta biyu na yi magana da yatsa a baki, ta ce in cire, ba ta jin yaren kwaɗi. A ta uku ta matso har numfashinta na dusashe madubin.

“Sake.”

Na sake.

“Shi ya hwaɗa miki haka, ko ke kika tsara?”

“Bai faɗa ba. Ni nake gani kamar haka ne. Sai an tambaye shi.”

“Wa zai tambaya? Ke da ko sallama sai an kasa kunne?”

Na sunkuyar da kai. Ta miƙo mini ƙyallenta, gefen da bai jiƙe ba, ta ce in goge kafin uwata ta dawo ta ce an yi mini asiri. Da ta miƙe ta ce, “Zan koma. Ba don aikinsa ba. Ina da maganar da ban hwaɗa mishi ba, kuma duk sai kin juya ta, ba ragi.”

Wannan ya ƙara mini wani tsoron a kan na da. A hanyar komawa Maraɗi ina haɗa tambayata da Faransanci, ina rushewa, ina kuma tunanin yadda ake zagin likita a cikin harshen da aka koya mini don gaida mushe.

Da muka shiga, likita ya miƙe ya dafa ƙirji. Kaka ba ta amsa sannunsa ba. Ta zauna, ta gyara zane, ta buɗe baki ke nan sai wayarsa ta yi ƙara. Ya ɗaga hannu alamar afuwa, ya ja takunkumin ƙasa, ya amsa. Ba Faransanci ya yi ba. Kaka ta karkata kunnenta na dama. Na ga girarta mai lafiya ta tashi.

“Kai!” ta ce, tun bai ajiye wayar ba. “Bazabarme ne?”

Ya ajiye wayar, ga baki har kunne. Ashe mutum ne mai yawan dariya, takunkumi ya ɓoye.

“Lallai!” in ji Kaka, ta tafa hannu. “Ashe bawan gidanmu ne aka sa wa farar riga! Wa ya ba ka izinin zama kan kujera ina nan?”

“Ke baiwa na,” ya ce da wata Hausa mai tuntuɓe. “Gobir duka, kaka na ya saya. Kyanwa ya yi faɗa da ke, ya ci.” Ya ja yatsu uku a kuncinsa.

“Ji shi! Ko mace da namiji bai rarrabe ba. Mai cin ganye ba mai! Da yunwa ta koro kakanka, wa ya ba shi hura?”

“Fura na Gobir, ruwa ne da haƙuri.”

Baffa ya yi dariya har ya dafa gadon gwaji. Ni kuwa kunnuwana suka yi zafi. Kuzin. Taubashiya yake nufi. Na san wasan Gobirawa da Zabarmawa, na sha ganin Kaka ta tare mai sayen kifi daga yamma ta ƙwace masa hula sai ya fanshe ta da goro. Ban taɓa zaton wasan na iya shiga cikin Faransanci ba, balle ya sa tabarau. Likita ya dube ni ya ce, a hankali, laifinsa ne, ya yi wasa da fuska a rufe. Ban fassara wannan ba, babu wanda ya nema.

Baffa ya share ido ya ce, “To alhamdu lillahi, tun da wasa ne. Gaya mishi ta biyun.”

Duk suka juyo ana jirana. Da na yi shiru nan, da an wuce, kowa na murna. Amma na ga ninkin nan da idona. Gogewa wasa ce, yankan ba wasa ba ne. Na fara magana ƙasa-ƙasa. Likita ya sunkuyo.

“Ina jin ki, madmazel.”

Na kalli takalmansa na ce, a cikin hanyoyin nan, wacce ce ake yanke fata a gaban kunne, kuma kamar yaya ake yankewa?

Bai yi dariya ba. Ya jawo kujera ya zauna daidai fuskar Kaka. Ya ce ta farko da ta biyu duka. Ya ɗora yatsansa a gaban kunnenta ya ce a ta farko kamar faɗin wannan ko fiye, a ta biyu ƙasa da haka, amma ba zai yi alkawarin babu ba. Da ya ɗaga yatsan, ƙugiyar ce a ƙarƙashi. Na nuna masa ita, na ce wannan ba a taɓawa. Ba ni da kalmar aska a Faransanci, sai na faɗe ta da Hausa. Ya maimaita, “Aska,” ya gyaɗa kai.

Ya ce ta zaren ba ta bi ta nan. Wuri ɗaya a cikin gashi, da ɗan ƙaramin huji a lungun da ke tsakanin hanci da baki, inda layukan ba su kai ba. Ya ce amma in gaya mata gaskiya: fuskar ba za ta daidaita kamar da ba, kuncin zai yi ɗan tattara da farko, kuma bayan wasu shekaru zai iya sake sauka har a buƙaci a ƙara ja. Ya duba abin da aka auna na hawan jininta, ya ce dama dogon barcin nan bai kwanta masa a rai ba ga mai shekarunta. Na juya duka, ba ragi.

“Iya, aikin da za a sake?” in ji Baffa. “A yi shi gaba ɗaya a huta mana.”

“Darnin garkata kowace shekara nake ɗaure shi da igiya,” in ji Kaka. “Ka taɓa jin na ce a zuba mini siminti? Idon zai ruhe?”

Na tambaya. Likita ya ce abin da zai yi wa aiki ke nan, yana sa rai, sauran na Allah ne.

“To gaya wa bawan nan ya ɗauko zarensa. In na tashi na lissafa na ga babu ɗaya, shi da Yamai sai labari.”

Ranar aikin, kafin a shiga da ita, ya kira ni ya ce in ƙirga a gabansa. Na ƙirga da Faransanci, Kaka na bi da Hausa. Sannan aka rufe ƙofa. Na zauna a benci kusa da Baffa. Ya sayo mini ƙosai, na riƙe har ya huce, man ya huda takardar. Duk wanda ya fito da farar riga sai in miƙe. Ina ta tunanin, in zaren ya tsinke fa, in idon bai rufu ba fa, ni ce na ja kowa zuwa wannan hanyar da kwalli da tsinke.

Ta fito da kai a naɗe, ɓarin fuskar duk a rufe. Ta ce ta ji duk abin da suke yi, kuma Bazabarmen waƙa yake yi ƙasa-ƙasa, muryarsa kamar ta jaki mai mura. Ranar da za a kwance ƙyallen, ba ta nemi madubi ba. Ta ce, “Uwata, zo ki duba mini.”

Kuncin ya kumbura, ya yi shuɗi-shuɗi, ga wani jan magani da aka shafa har kunne. Layukan sun tashi daga inda suka kwanta. Na bi su da ido: ɗaya, biyu, har shida. Ta bakwai na bi ta, na bi ta, sai ta shige ƙarƙashin filastar da ta sauko daga cikin gashi. Na tsaya.

“Mi ne?” in ji Kaka. “Kin yi shiru.”

Likita ya sa farce ya ɗaga gefen filastar, ya goge maganin da auduga. Tana nan, da ƴar lanƙwasarta.

“Bakwai,” na ce.

“Da ƙugiya?”

“Da ƙugiya.”

“Ka tsira,” ta ce wa likita.

Kumburin ya ɗauki lokaci kafin ya sabe. Bakin bai daidaita sarai ba, har yau in ta yi dariya dama ke riga hagu, amma ta daina yawo da ƙyalle. Farin ɗigon bai tafi ba, bai kuma ƙaru ba. Na ci gaba da auna shi kowace safiya, don likita ya ce kada a bar maganin.

Wata rana bayan azahar na dawo daga lakwal na ɗauki mafici kamar kullum na nufi rumfa. Kaka na kwance a tabarma, hannu ɗaya a kan ciki. Idanunta duka biyu a rufe. Na tsaya da maficin a hannu. Na manta yadda fuskarta take in babu mai kallona a cikinta. Na duba zanenta ko yana motsi, ban iya tantancewa ba, iska na kaɗa shi. Wani ƙuda ya sauka a goshinta, ba ta motsa ba. Na durƙusa na kama kafaɗarta na girgiza da ƙarfi.

“Kaka! Kaka!”

Ta buɗe na dama, sannan na hagu ya biyo a hankali.

“Gobara ake?”

“A'a.”

“To mi ne?”

“Ba komai. Na ga kin rufe ido ne.”

Ta dube ni, ta ja tsaki, ta juya wajen bango. “Uwata, don Allah tahi ki ci abinci, ki bar ni in yi barcina.”